Akwatin Eurorack da na haɗa da hannuna

Lokacin da na yanke shawarar haɗa sintasaiza mai ɓangarori, wato na'urar kiɗan nan da ake harhaɗawa daga ƙananan ɓangarori daban-daban, kowanne da aikinsa, sannan a sada su da gajerun wayoyi ta gaba, na ɗauka cewa abin da zai ba ni wahala shi ne zaɓen irin sautin da nake so. Ashe kafin in ji ko da ƙara ɗaya daga cikinta sai na shafe makonni ina fama da ruler da mitar gwada wuta. Na zaɓi tsarin Eurorack ne saboda shi ne ya fi yaɗuwa, kuma na ɗauka cewa duk ɓangaren da aka rubuta wannan suna a jikinsa zai zauna lafiya da ɗan'uwansa. A wannan zato ne na yi yawancin kurakuraina.

Dieter Doepfer, wani mai ƙera kayan kiɗa a Jamus, shi ne ya fito da tsarin a tsakiyar shekarun 1990 tare da na'urarsa mai suna A-100, kuma bai ƙirƙiri ma'aunin daga kansa ba, ya aro shi ne daga akwatunan kayan lantarki na masana'antu masu faɗin inci 19. A can ne aka samo harafin U, wanda yake nufin tsayin inci 1.75, wato milimita 44.45, da kuma HP, wanda yake nufin faɗin milimita 5.08. Ɓangaren Eurorack yana da tsayin U uku, faɗinsa kuma ana ƙirga shi da HP, har layi ɗaya na akwati mai inci 19 ya ɗauki HP 84. Da na ga waɗannan lambobi sai na ninka 44.45 sau uku, na samu 133.35, na ɗauki wannan a matsayin tsayin fuskar ɓangare, wato farantin gabansa mai maɓallai, na yi alama a jikin katako, na huda, na ɗaura sandunan ƙarfen da ake ɗaure ɓangarorin a kansu. Da na kawo ɓangare na farko sai notin sama ya shiga, na ƙasa kuma ya tsaya yana kallon iska.

Abin da ban sani ba shi ne, fuskar ɓangaren ba ta cika U uku, tsayinta milimita 128.5 ne, domin an bar wa leɓen sandunan wuri sama da ƙasa, kuma tazarar da ke tsakanin ramin sama da na ƙasa milimita 122.5 ce. Har faɗin ma akan rage masa ɗan kaɗan, ta yadda ɓangare mai HP 8 ba ya kai milimita 40.64 da lissafi ya nuna, don kada ɓangarori su matse juna idan an jera su. Dabarar da ta fisshe ni ba ta buƙatar lissafi ko kaɗan. Na ɗauki fuskoki biyu marasa komai a baya, na ɗaure ɗaya a ƙarshen dama na sandunan, ɗaya a ƙarshen hagu, sai sandunan biyu suka zama kamar firam guda, sannan na ɗora wannan firam a jikin katakon na yi sabuwar alama. Tsofaffin ramukan da na huda suna nan a gefen akwatin, na toshe su da garin katako da gam, amma duk wanda ya duba da kyau zai gan su.

Akwai kuma ma'aunin da babu wanda ya ƙayyade shi, wato zurfi. Tsayi da faɗi an yi ittifaƙi a kansu, amma kowane maƙeri yana da 'yancin sa allon lantarkinsa ya shiga ciki gwargwadon yadda ya ga dama. Tsofaffin ƙira da yawa suna tsayar da allon a tsaye a bayan fuska, sai ya nutsa sosai, sababbi kuma suna kwantar da shi a jikin fuskar. Ni na yi akwati marar zurfi don ya yi kyau a kan tebur, sai wata matatar sauti da na saya hannu na biyu ta ƙi zama, domin gindinta yana dukan allon rarraba wuta da ke ƙasan akwatin. Dole ta koma can kusurwar dama inda allon bai kai ba, kuma har yau a nan take, ko da yake ba nan ne wurin da ya dace da ita a tsarin wayoyina ba.

Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne idan aka kwatanta su da abin da wuta ta yi mini. Eurorack yana aiki da bolt 12 na sama da sifili da bolt 12 na ƙasa da sifili, wasu ɓangarorin kuma suna neman ƙarin bolt 5. Wutar tana isa ga kowane ɓangare ta wata faffaɗar waya mai layuka goma ko goma sha shida, kuma al'adar ita ce layin da aka shafa wa jan launi shi ne yake ɗauke da bolt 12 na ƙasa. A waya mai layi goma, layuka biyu na gefe ɗaya na ƙasa ne, biyu na ɗaya gefen na sama ne, shida na tsakiya kuma na sifili ne. Ma'anar wannan ita ce, idan aka juya filogin, zai shiga daram kamar babu abin da ya faru, alhali wutar sama da ta ƙasa sun yi musayar wuri. Wasu maƙera suna sa dayod, wani ɗan abu da ba ya barin wuta ta bi sai ta fuska ɗaya, don ya tare wannan, wasu ba sa sawa, kuma sunan Eurorack bai wajabta wa kowa ba.

Na san wannan duka, na karanta shi, kuma na yi ta bin jan layin da ido. Abin da ya kayar da ni wata waya ce da ta zo tare da wani ɓangare da na saya hannu na biyu, wadda aka danne filoginta a juye. Soket ɗin da ke kan allon wutata yana da ɗan tsagi da ba ya barin filogi ya shiga sai ta fuska ɗaya, ni kuma na amince da tsagin, ban ƙara duba inda jan layin ya faɗa ba. Da na kunna, fitilar allon ta yi haske ta dushe, na ji wata 'yar ƙara kamar an fasa ƙwayar gero, sai warin roba da ta ƙone ya taso. Ban kai daƙiƙa uku ba na kashe, amma da na ciro ɓangaren na juya shi, wani ƙaramin guntu mai ƙafa takwas ya tsage ta tsakiya, gefensa ya yi baƙi. Na ci sa'a yana zaune ne a cikin soket ba a like da dalma ba, na canja shi tare da kafasita ɗaya, wato ɗan abin da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, da ta kumbura, ɓangaren ya dawo. Tun daga ranar na daina yarda da launi ko tsagi su kaɗai. Kowace sabuwar waya sai na sa mita na bi layin gefe daga wannan kai zuwa wancan, sannan na nemi inda aka rubuta -12 a jikin allon ɓangaren kansa, domin wannan rubutun shi ne abin da da'irar take bi.

Lissafin yawan wutar da kowane ɓangare yake sha shi ma na koye shi ne bayan na ga alama. Ana rubuta shi da miliamfa, daban ga layin bolt 12 na sama, daban ga na ƙasa, kuma kusan koyaushe layin sama ne yake fara cika, musamman idan akwai ɓangarori masu ƙaramar kwamfuta a ciki. Da na cika jere na biyu na akwatin da ɓangarori sai na lura cewa wani ɓangare ba ya tashi sai na kashe na sake kunnawa, kuma jimillar da na haɗa a takarda ba ta wuce abin da na'urar ba da wutar ta yi alkawari ba, ta dai kusa. Dalili shi ne a lokacin kunnawa duk ɓangarorin suna zuƙar wuta fiye da yadda suke yi bayan sun daidaita. Yanzu ina barin sarari mai yawa, ba na yarda jimillar ta matso kusa da iyaka.

Na ƙara wa akwatin wani siririn layi mai tsayin U ɗaya a tsakiya, don ƙananan kayan aiki irin masu rage ƙarfin sigina da masu raba shi. A nan ma laifina ne, domin ban bincika ba. Tsarin U ɗaya iri biyu ne, akwai na kamfanin Pulp Logic mai tsayin milimita 43.18, akwai na kamfanin Intellijel mai tsayin milimita 39.65, kuma bambancin da bai kai milimita huɗu ba ya isa ya hana ɗaya shiga gurbin ɗaya. Na ɗaura sanduna a kan ma'auni ɗaya, na sayi ɓangarori biyu na ɗaya ma'aunin. Kowane tsari yana da hujjarsa, ɗaya ya bar wa allon lantarki wuri, ɗaya ya bi lissafin sanduna masu leɓe, amma mai saye dole ya san wanda akwatinsa yake bi kafin ya biya.

Sai da na kai akwatin wurin wani abokina mai tsofaffin na'urori na gane cewa girman fuska da wutar ciki rabin magana ne kawai, sauran rabin shi ne abin da bolt ɗin da ke yawo a wayoyin gaba yake nufi. A Eurorack, kamar yadda yake a al'adar na'urorin kamfanin Moog, ƙarin bolt ɗaya yana ɗaga sauti da oktab ɗaya, wato tazarar sauti da ake rabawa zuwa rabin mataki goma sha biyu. A na'urorin kamfanin Buchla kuwa galibi bolt 1.2 ne oktab, wanda ya sa kowane rabin mataki ya zama kashi ɗaya cikin goma na bolt cif, lissafi mai daɗin gaske. Da muka tura jerin sautuka daga akwatina zuwa osiletarsa, wato ɓangaren da ke haifar da sauti, mai bin wannan tsari, sai oktab ɗina ya zama rabin mataki goma maimakon goma sha biyu, waƙar ta fito a matse, kowane sauti ya kauce kaɗan daga inda kunne yake jiransa. Wata na'urarsa, Korg MS-20, wadda ta fito a 1978, ta bi wata hanya dabam, inda sai an ninka bolt ɗin sau biyu kafin sauti ya hau oktab, kuma alamar da take jira don ta fara sauti ita ce a ja layin zuwa sifili, ba a ɗaga shi ba. Sakamakon haka ta riƙa yin ƙara a lokacin da ya kamata ta yi shiru, ta yi shiru a lokacin da ya kamata ta yi ƙara.

Hatta wayoyin ba su bar mu ba. Buchla yana raba hanyar sauti da hanyar sarrafawa, sauti yana bin wani ƙaramin filogi da ya ɗan fi na milimita 3.5 kauri, sarrafawa kuma tana bin filogin da ake kira ayaba, wanda tsarin sintasaizar Serge ma yake amfani da shi ga komai da komai. Wayar ayaba zare ɗaya gare ta, ba ta ɗauke da layin sifili, don haka sai mun haɗa sifilin akwatunan biyu da wata waya dabam kafin su yarda a kan inda ƙidaya take farawa. Kafin mu yi haka, sautin yana ta lilo babu dalili. Ni dai na fita daga ɗakin ina sha'awar filogin ayaba, domin ana iya cusa wani a bayan wani a raba sigina ɗaya gida uku ba tare da ƙarin ɓangare ba.

A wurinsa ne kuma na fara taɓa manyan ɓangarori masu U biyar, masu tsayin inci 8.75 da filogi mai kwatan inci, waɗanda suka gaji siffar na'urorin Robert Moog na shekarun 1960. Maɓallan juyawa manya ne, yatsa yana samun wuri, babu wayar da take rufe abin da kake son murɗawa. A nan ma suna ɗaya ya rufe tsari biyu, domin ɓangarorin Synthesizers.com faɗinsu inci 2.125 ne, na MOTM kuma inci 1.75, filogin wutarsu ma ba ɗaya ba ne, ko da yake dukansu suna aiki da bolt 15 sama da ƙasa. A ganina an yi asarar wani abu da aka ƙanƙantar da komai, domin akwai ɓangarori a akwatina masu HP 4 da ba na iya juya maɓallinsu sai na ture wayoyi biyu da ɗan yatsa. Ban koma U biyar ba saboda wuri da nauyi, amma ziyarar ta canja yadda nake saye, na daina ɗaukar ɓangare don kawai ya cusa ayyuka da yawa a ƙaramin fili.

Ɓangare na ƙarshe da na saka ni na haɗa shi, mai rage ƙarfin sigina ne mai hanya uku a faɗin HP 6. Na yanke fuskar a tsayin milimita 128.5, na huda ramukan noti milimita uku daga baki, na ɗan tsawaita su gefe da gefe da zarto don su yafe wa kuskuren hannuna. A bayan allon na sa dayod biyu a hanyar wuta, na rubuta -12 da farin alƙalami kusa da soket ɗin, da manyan haruffa. Ɓangarori biyun nan masu U ɗaya da suka ƙi shiga suna cikin aljihun tebur, kuma na riga na yanke katakon ƙaramin akwatin da zan yi musu a kan nasu ma'aunin.