Green Bay, garin da mutanensa ke da kulob ɗinsu

Da sassafe muka bar Chicago a motar wani abokina da ke aiki a can, muka ratsa Milwaukee muka miƙe arewa, tafiyar awa uku da 'yan mintoci, gonaki da shanun madara hagu da dama har muka shiga Green Bay a jihar Wisconsin. Sanyi kuwa ba a magana, ina fitowa daga mota na ji kunnuwana sun daina aiki.

Ni fa wannan ƙwallo ta Amurkawa mai kama da zari-ruga ba ta dame ni ba, garin ne ya ja ni. Mutanensa 100,000 ne da 'yan kai amma filin Lambeau Field yana cin mutum sama da 80,000, kuma a tsakiyar unguwa yake, gidajen mutane na kallonsa, ranar wasa har farfajiyar gidansu suke ba da haya a ajiye motoci. A bakin ƙofa ga gunkin Curly Lambeau wanda ya kafa kulob ɗin garin, Packers (wato masu ɗura kaya a gwangwani), a 1919 da dala 500 da kamfanin gwangwanin nama da yake wa aiki ya ba shi na sayen riguna, daga nan sunan ya samo asali. Kusa da shi na Vince Lombardi, tsohon kocinsu wanda kofin Super Bowl, wasan ƙarshe na fid da zakara, ke ɗauke da sunansa yau.

Muka shiga gidan tarihin kulob ɗin. Sau 13 suka zama zakarun NFL, babbar gasar wannan ƙwallo a Amurka, babu kulob ɗin da ya kai su, huɗu daga ciki Super Bowl ne. Inda na fi daɗewa shi ne wajen wasan 31 ga Disamba 1967 da Dallas Cowboys, sanyi ya kai digiri 25 ƙasa da sifili, fili ya daskare, usur na manne wa alƙalan wasa a leɓe, amma aka buga har ɗan wasan Packers Bart Starr ya kutsa ya ci saura daƙiƙoƙi, Packers suka yi nasara 21 da 17. Wallahi ni da ko kyauta ne ba zan zauna ba.

Abin da ya tsaya min a rai dai, kulob ɗin ba shi da wani attajiri mai shi. Mutane sama da 500,000 ne ke da hannun jari, takardar da ba ta kawo ribar sisi, a 2021 dala 300 aka sayar da ɗaya kuma aka yi rububi. Shi ya sa ba wanda ya isa ya kwashe shi zuwa babban birni kamar yadda aka mai da kulob ɗin Raiders Las Vegas.

Na tambayi abokina ko za mu samu tikitin kakar wasa, shi magoyin bayan Chicago Bears ne, abokan hamayyar Packers, tun safe yake ɓata rai, ya ce "Malam, mutum sama da 100,000 ne a layi, jarirai ake rubuta wa suna, kai dai zo mu nemi abinci kafin duhu ya yi."