Abin da na koya a wajen auna wa manya suga

Aikina ɗibar jini ne da auna suga a wani ƙaramin asibiti, kuma galibin manyan da na tarar da ciwon suga a jikinsu ba dominsa suka zo ba. Wani gyambo ne ya ƙi warkewa a ƙafarsa, wata ta gaji da shan maganin sanyi, wani kuma tabarau ya zo nema. Irin ciwon sugan da ke kama mutum bayan ya manyanta, wanda likitoci ke kira nau'i na biyu, yakan yi shekaru yana ɓarna a ɓoye kafin mai shi ya ji komai. Alƙaluman da ƙungiyar ciwon suga ta duniya ta fitar a 2021 sun nuna fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba. Shi ya sa nake cewa alamu na da amfani, amma wanda ya zauna jiran su ya makara.

Tuwo da shinkafa da burodi da fura da rogo duk suga suke komawa a cikin jini. Sinadarin insulin ne ke shigar da sugan cikin tsoka don a yi aiki da shi. A nau'i na biyu jiki ya daina jin insulin yadda ya kamata, gaɓar da ke samar da shi kuma ta fara gazawa, sai sugan ya taru. Ƙoda tana iya riƙe shi har wajen 180 mg/dL, watau ma'aunin yawan suga a jini. Da ya haura haka sai ya tsallaka cikin fitsari, yana jan ruwan jiki tare da shi. Daga nan ne yawan fitsari da ƙishirwa da rama suke fitowa, mutum yana ci amma abincin na bin fitsari. Ke nan mutum na iya wayar gari da suga 130 ko 150, ciwon ya riga ya zauna, alhali ba ya tashi fitsarin dare, tururuwa ma ba ta bin fitsarinsa. Saboda haka ba na yarda da gwajin tururuwa, ba na kuma sallamar mutum don gwajin fitsari ya fito lafiya. Jini ne ake dubawa.

A bazara kowa na jin ƙishirwa, kuma nan ne ake ruɗewa. Abin da nake tambaya shi ne yanayin fitsarin. Mai ƙishirwar zafi fitsarinsa kaɗan ne, ja-ja, domin ruwan ya tafi a gumi. Mai ƙishirwar suga fitsarinsa da yawa, fari tas, kuma yakan tashi sau uku ko huɗu cikin dare ko da ana sanyi. Sai ya riƙa kashe ƙishirwar da lemon kwalba da zoɓo da kunun aya masu zaƙi, sugan ya ƙara hawa, ƙishirwar ta ƙaru.

Sauran alamun su ne aka fi ɗora wa wasu cututtuka. Kasala da mutuwar jiki sai a ce maleriya ce ko taifot. Ƙaiƙayin gaba da farin ruwa mai kauri ga mata, wanda ke lafawa da magani ya dawo bayan mako biyu, sai a ce sanyi ne, alhali sugan ne ke ciyar da ƙwayar cutar. Macen da ta sha maganin sanyi zagaye biyu ko uku bai tafi ba, a auna mata suga kafin a ƙara rubuta wani. Maza kuma raguwar ƙarfi ce ke kai su wajen masu maganin basir. Akwai maruru da ke fitowa a jere, da rauni mai jinkirin warkewa, da raɗaɗi ko jin kamar ana tsira allura a tafin ƙafa, musamman da dare. Akwai duhun fata mai kauri a bayan wuya ko hammata, wanda ake ta cuɗawa ana zaton dauɗa ce. Gani kuma yakan yi hazo yau, gobe ya washe, domin suga na sauya ruwan da ke cikin ƙwayar ido. Irin wannan mutum ina hana shi yanka tabarau sai sugan ya daidaita na wasu makonni, in ba haka ba kuɗinsa zai tafi a banza.

Wanda ya kai shekara 35 ya auna ko ba ya jin komai, in lafiya lau ya maimaita bayan shekara uku. Ba a jiran wannan shekarar in uwa ko uba ko ɗan'uwa na jini na da ciwon, ko akwai hawan jini, ko mace ta taɓa samun suga a lokacin goyon ciki ko ta haifi jaririn da ya wuce kilo 4. Tumbi ma ina auna shi da tef irin na tela, a daidai saitin cibiya, bayan mutum ya saki numfashi. Namiji da ya kai santimita 94, mace 80, sun shiga sahun waɗanda ya kamata su auna.

Gwajin da aka fi yi shi ne na safe kafin karin kumallo. Ana so a yi aƙalla awa takwas ba a ci komai ba: a ci abincin dare kamar kullum, a daina daga ƙarfe goma, a zo tsakanin bakwai da tara. Ruwa zalla ba laifi, a sha, domin wannan ba azumin ibada ba ne. Na koyi cewa tambayar "ka ci abinci?" ba ta isa ba. Dattijo zai ce, "Ban ci komai ba, ɗana." Sai na ce, "Baba, shayi fa? Goro fa? Dabino bayan asuba fa?" Sai ya ce ai ɗan kofi ɗaya ne, da madara da suga. A wurinsa wannan ba abinci ba ne, amma ya riga ya ɓata gwajin, sai dai a sake rana. Wasu kuma kwana biyu kafin gwaji sai su ƙaurace wa tuwo don lamba ta yi kyau. Lambar za ta iya sauka, ciwon kuwa yana nan.

Ƙaramar na'urar da ake ɗiga wa jinin yatsa tana da sauƙi, amma kurakuranta na da yawa. A wanke hannu da sabulu a tsane shi sosai, domin yatsan da ya taɓa mangwaro ko dabino ko alewa zai ba da lamba mai tayar da hankali alhali sugan a fata yake. In an goge da audugar sifirit a bari ya bushe. Ana tsira gefen kan yatsa, ba tsakiya ba, ya fi ƙarancin zafi. Kada a matse yatsan da ƙarfi, domin ruwan tsoka na gauraya da jinin ya sauya sakamako. A fara murza hannun ya yi ɗumi, a sauke shi ƙasa, jinin zai zo da kansa. Tsinkayen awon, waɗanda ake sa wa na'urar a ɗiga jinin a kansu, su ne suka fi ba mu wahala a ƙasar zafi. Kwalbarsu in an bar ta a buɗe, ko a cikin mota, ko a shagon da rana ke duka, sun lalace tun kafin ranar da aka rubuta a jiki. Duk da an kiyaye waɗannan, na'ura mai kyau tana iya kaucewa da kusan kashi 15 cikin ɗari. Don haka a wurina na'urar yatsa ta tantancewa ce. Tabbatarwa sai da jinin jijiya a ɗakin gwaji.

Lambobin kuwa ga su. A gwajin safe, ƙasa da 100 mg/dL lafiya ne. Daga 100 zuwa 125 an shiga matakin gab da ciwo, kodayake Hukumar Lafiya ta Duniya daga 110 take fara lissafa wannan mataki. Daga 126 zuwa sama ciwon suga ne. In an auna a kowane lokaci na yini aka sami 200 ko fiye, ga kuma alamu a bayyane, shi ma ya wadatar. A kula da ma'aunin da aka rubuta a takarda. Wasu ɗakunan gwaji da mmol/L suke aiki, inda 126 ke zama 7.0, 200 kuma 11.1; a ninka lambar mmol/L da 18 a sami ta mg/dL. A Nijar da Chadi da Kamaru an fi rubutawa da g/L, inda 126 ke zama 1,26. Na sha ganin mai riƙe da takarda mai lamba 9 yana murna wai sugansa ya yi ƙasa ƙwarai, alhali 162 ne.

Wanda ba shi da alamu ba a yanke masa hukunci da gwaji ɗaya, sai an maimaita a wata rana. Jinin jijiya kuma a kwalba mai sinadarin fuloraid ake zuba shi, a kai shi da wuri, domin ƙwayoyin jini na ci gaba da cinye sugan a cikin kwalba, jinin da ya daɗe a ajiye sai ya nuna ƙasa da gaskiya. In lamba ta tsaya a kan iyaka, ana yin gwajin shan suga: giram 75 na gulukos a ruwa kamar kofi ɗaya, a shanye cikin minti biyar, a zauna ba yawo ba taba, a ɗebi jini bayan awa biyu cif. Daga 140 zuwa 199 gab da ciwo ne, 200 ya tabbata.

Akwai wani gwajin jini mai suna HbA1c, wanda ba ya buƙatar ƙin cin abinci kuma yake nuna yadda suga ya kasance a watanni biyu zuwa uku. Kashi 6.5 ko fiye ciwon suga ne, 5.7 zuwa 6.4 gab da shi. Gwaji ne mai kyau, sai dai a yankinmu sai an yi hattara, domin da tsawon ran jajayen ƙwayoyin jini yake aiki. Mai sikila, da mai ƙarancin jini, da wanda bai daɗe da tashi daga maleriya mai tsanani ba, da wanda aka yi wa ƙarin jini, da mai juna biyu, duk yana iya yi musu ƙarya. Su gwajin safe ya fi dacewa da su.

Kafin in ɗebi jini ina tambayar magungunan da mutum ke sha. Deksametason da firedinisolon, waɗanda ake saye a kemis don ciwon gaɓoɓi ko don a yi ƙiba, suna ɗaga suga ƙwarai, kuma mutane ba sa faɗa sai an tambaye su da suna. Zazzaɓi mai zafi ma na ɗaga shi na ɗan lokaci, sai a sake aunawa bayan an warke.

Wanda na'ura ta nuna masa HI, watau sugan ya wuce abin da take iya aunawa, ko sugansa ya yi sama sosai ga amai, ga bushewar baki, ga numfashi mai zurfi ko ruɗewa, ba na barin sa ya koma gida, ɗakin gaggawa ake kai shi a ranar. Haka siririn mutum da ya rame cikin 'yan makonni, a duba masa sinadarin kitón a fitsari, wanda ke fitowa in jiki ya koma ƙona kitse a madadin suga, domin wataƙila allurar insulin yake buƙata tun farko. Sauran kuwa ina haɗa su da likita, kuma ina roƙonsu kada su tafi da takardar magani kawai: a auna hawan jini, a duba ƙoda da furotin a fitsari, a auna kitsen jini, a leƙa bayan ido, a cire takalmi a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu tun a zuwan farko.