Na ajiye aikin sharhi a zaurenmu na waƙa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu alƙalami. Kamar yadda wasunku suka riga suka ji, tun satin da ya wuce na ajiye aikin sharhi a zaurenmu, kuma tunda an dame ni da tambaya ta gefe, wai ko faɗa aka yi, wai ko cire ni aka yi, nace bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ba wanda ya cire ni. Shekara shida kenan ina wannan aikin, tun zauren bai kai mutum arba'in ba har muka cika 256 ɗin da WhatsApp ke bari a wancan lokacin, aka koma cire masu shiru don a samu wajen sababbi, kuma a duk shekarun nan abu ɗaya ne ya tsaya min a maƙoshi, shi zan fi daɗewa a kai.

Ƙaramar Sallar 2020 ce, ta korona, mu nan Najeriya ranar Lahadi 24 ga Mayu muka sauko idi. Duk wanda yake Kano lokacin ya san halin da gari yake ciki, tun tsakiyar Afrilu ana kulle, azumi ya kama dattawa suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, kullum ka buɗe waya sai Innalillahi, ga shi an soke hawa, ba Daushe ba Nassarawa, yawon Sallah ma sai a unguwa. Sai zauren ya zama nan ne wajen gaisawarmu. Tsarin kun san shi, ranar Sallah kowa ya kawo goronsa, baiti biyu ko uku, a yi barka da shan ruwa, a yi Allah ya maimaita mana, wanda ya nemi gyara kuma in duba masa. Ni kuma lokacin ban daɗe da gama digirina na Hausa ba, aruli, wato ilimin awon waƙa, ya cika min kai, in na ga waƙa kafin in saurari me take cewa na riga na fara yanka ta gaɓa-gaɓa, doguwa gajeriya, ina neman inda ta karye. Kuma shugaban zaure shi ya ɗora ni a kan haka, da bakinsa yace min kar in raga wa kowa, wai zauren ya cika da masu haɗa kalmomi suna kiran kansu sha'irai.

Akwai wata yarinya da ta shigo wajen wata uku kafin nan, ba ta taɓa turo komai ba sai dai Masha Allah a ƙarƙashin waƙoƙin mutane. Bayan la'asar sai ga ta da baiti biyar, ƙwar biyu, wato kowane baiti layi biyu, ta rubuta a sama: "Malam ga tawa, ita ce ta farko, dan Allah a duba min." Har yau ina da hoton saƙon. Ta fara da cewa

Sallah ta zo babu kowa a ƙofa,
Tabarmar zaure tana naɗe a gefe.

A baiti na uku kuma ta kawo wata hula da aka wanke tun kafin azumi tana rataye a ƙusa. Ni da na karanta babu kowa a ƙofa sai kawai na ɗauka kulle take nufi, don ranar waƙoƙin kulle sun fi ashirin a zauren, kowa korona korona. Ban sake karantawa ba. Na zauna na jero mata gyara guda bakwai da lamba, a fili, gaban mutum ɗari biyu da wani abu. Nace amsa-amonki ya tashi da fa ya koma fe tun a baitin farko, nace ɗango, wato layi, na ɗaya da na biyu ba su hau kari ɗaya ba, awonsu ya bambanta, nace ba ki buɗe da sunan Allah ba ba ki rufe da salati ba, nace waƙar Sallah ce amma babu ko barka ɗaya a ciki. Na bakwai ɗin shi ne wanda in na tuna har yanzu sai na ji jikina ya mutu, na rubuta: "Wannan hular me ta zo yi a nan? Ba ta da alaƙa da jigo, a cire ta."

Shugaba ne ya fara amsawa, yace haka ake sharhi, Allah ya ƙara basira. Wasu suka biyo da babban yatsa. Ita kuma ta rubuta "Na gode Malam, Allah ya saka da alheri", shikenan. Bayan magariba na duba na ga ta fita daga zauren, har na ce a raina ai dama wanda ba zai iya jure gyara ba waƙa ba tasa ba ce.

Wajen ƙarfe goma na dare Hajiya ta kira ni, wadda duk muke kira Anti, ita ta kawo yarinyar. Ko barka da Sallah ba ta tsaya mun gama ba tace, "Ɗan nan, ka san hular waye ka ce a cire?" Nace a'a Anti. Tace ta mahaifinta ce, ya rasu tara ga azumi, shi ya ba da ita aka wanke masa don Sallah, tabarmar kuma ita yake shimfiɗawa a zaure duk ranar idi 'yan uwa da yaran unguwa su zo gaishe shi ya raba musu sabbin kuɗi. Tace yarinyar ko a gida ba ta iya maganar ba, a waƙar nan ta fara buɗe baki. Wallahi ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na koma da gudu in goge sharhin, lokacin kuma in saƙo ya wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba ya goguwa wa kowa, haka ya zauna a wajen kowa yana gani. Na sake karanta baitocin nan biyar, komai yana ciki a fili, ba ta ɓoye komai ba, ni ne ban karanta ba. Na kira ta ba ta ɗauka ba, na tura saƙon murya na ban haƙuri ya nuna ta saurara, ba amsa.

Laifin nan nawa ne kuma ban taɓa ɗora wa wani ba. Amma abin da ya biyo baya shi ma ba zan ɓoye ba tunda yau ranar faɗa ce. Washegari da labari ya bazu mata suka fara magana, sai shugaba ya fito da dogon rubutu yana cewa shi dama ya daɗe yana jan kunnen "wasu matasa" a kan zafin sharhi, wai ilimi ba tare da tarbiyya ba fitina ne. Mutumin da saƙonsa na haka ake sharhi yana nan a sama kowa na iya komawa ya gani. Na bi shi ta gefe nace ranka ya daɗe ai kai ka ce kar in raga, yace min in yi haƙuri, shugabanci sai da haka. Na yi shiru saboda girmansa da furfurarsa, na ci gaba da aiki a ƙarƙashinsa shekara biyar, amma daga ranar na san in ruwa ya ci ni ba shi zai miƙo min sanda ba. Shawarata ga duk wanda zai karɓi wannan aikin, in babba ya ce ka yi zafi, ka roƙe shi ya rubuta dokar da sunansa a zaure kowa ya gani.

Bayan wannan sai aka kafa dokar hana sharhi kwana uku na kowace Sallah, gaisuwa kawai. Dokar ba laifi, na goyi bayanta. Matsalar ita ce daga kwana uku abin ya zarce ya zama ɗabi'a, zaure ya koma Masha Allah, fasihi, Allah ya ƙara wa alƙalami tawada, wuta wuta wuta, ko da kuwa waƙar ɗango ɗaya gaɓa tara ne ɗaya goma sha biyar. Wannan ma cuta ce, kuma ni a ganina ba ta fi abin da na yi wa yarinyar nan sauƙi ba, sai dai ita ba ta sa kowa kuka. Akwai waɗanda muka shekara huɗu tare suna turo waƙa duk Juma'a, har yau ba su san bambancin amsa-amon ciki da na waje ba, saboda duk sanda na ɗaga baki sai a tuna min da 2020. Mutum ya zo koyo an tafa masa an sallame shi hannu wofi.

Abin da na koma yi, wanda kuma ina ganin ya yi aiki, shi ne ba na taɓa waƙa sai na karanta ta sau uku, na farko don in ji me ake faɗa kawai. In sabon shiga ne sai na bi shi ta gefe na tambaye shi me ya sa ya rubuta ta. Sannan in ce ya rera min a saƙon murya, don rabin karayar da ido ke gani a rubuce in aka rera sai ka ji mai waƙar ya ja wasali ya cike gurbin, wani lokacin kuma shi da kansa zai yi tuntuɓe a wajen ya ce Malam nan ɗin fa akwai matsala, ka ga ba sai na faɗa ba. Ƙungiyoyin sha'irai na da, irin Hikima ta su Mudi Sipikin a nan Kano, haɗuwa suke ido da ido, mai waƙa ya karanta abarsa ana kallon fuskarsa. Da yarinyar nan a gabana ta karanta baitin hular nan, muryarta kaɗai ta isa ta rufe min baki. Mu waya ta ɗauke mana wannan, dole sai mutum ya nemo shi da gangan. Kuma ba na wuce gyara biyu a waƙa ɗaya ko da goma na gani. A cikin waɗanda muka bi ta wannan hanyar akwai huɗu da yanzu suke yi wa wasu sharhi, ɗaya ma tana tsara tahamisi, wato ƙara ɗango uku a kan baitin wani mai ɗango biyu ya zama biyar, da ni kaina sai na zauna na nutsu kafin in samu abin cewa.

Ita ma gaisuwar da da nake rainawa na canja ra'ayi a kanta. Da haushi nake ji in na tashi na tarar da saƙo ɗari uku duk Juma'a Mubarak da sitikar rago, data na ta tafiya. Daga baya na lura wanda kuka saba gaisawa, ka tambayi jikin mahaifiyarsa, ka yi masa barka da haihuwa, shi ne in ka ce baitinsa ya karye zai ce na gode da zuciya ɗaya. Kuma Sallarmu a zauren kwana biyu take farawa sau da yawa, 'yan uwanmu na Damagaram da Maraɗi kan riga mu ganin wata, su fara turo barka muna nan da azumi a baki, ana tsokanar juna da baiti, na Kumasi su shigo da tasu Hausar. Wannan zan yi kewarsa ƙwarai. Abin da har yau ban yarda da shi ba shi ne kwafo gaisuwar da aka turo maka daga wani zauren ka liƙa mana, kai da kake ce wa kanka marubuci, baiti ɗaya naka ko gurgu ne ya fi.

Sauran a gajarce. Sakkwatanci ba kuskure ba ne, na taɓa gyara wa wani shina zuwa yana na karya masa kari da hannuna. Waƙar da ta fi ƙarfin mai ita a bincika kafin a yaba, sau biyu muna kama ta wani tsohon sha'iri an canja mata suna. Zauren da ba a isa a taɓa waƙar shugabansa ba, koyo a cikinsa rabi ne. In kuma za ku haɗa kundi ku rubuta tun farko sunan wa zai hau bango, ni na tace waƙa sittin da uku dare da rana, da littafin ya fito a shafin godiya na tsinci kaina cikin "da sauransu".

Yarinyar ba ta dawo zauren ba. Duk Sallah ina tura mata barka, ƙarama da babba, ba amsa, sai a Babbar Sallar 2022 da yamma ina tsaye ana fiɗar rago na ji waya, na duba na ga ita ce. Tace "Malam barka da Sallah, ya iyali? Ni fa na yafe tun tuni, kunya ce ta hana ni magana." Sai ta turo waƙar. Ta kai ta baiti goma sha biyu, ta daidaita amsa-amon duka ya zauna a kan fa, ta buɗe da sunan Allah, hular kuma tana nan a baiti na uku inda take. Na karanta a tsaye hannuna duk jini, ban ce a gyara ko harafi ba, kuma dan Allah kar wanda ya tambaye ni lambarta ko waƙar, ba ta ba ni izini ba.

Fayil ɗin waƙoƙin zaure tun daga 2019 na miƙa wa Anti, da jerin waɗanda nake bi bashin sharhi su tara, zan gama musu ta gefe kafin ƙarshen wata insha Allahu. Lambata ba ta canja ba.