Alhamdulillahi, an fita lafiya

Alhamdulillahi jama'a, abin ya wuce, sarbar wurin aikinmu da ta lalace, wato babban ordinater da sauran injina ke tambaya bayani, ta gyaru. Tun jiya allon da muke duba lafiyar injinanmu kore shar yake babu ja ko ɗaya, shef ɗina da kansa ya ce in kashe waya in je in kwanta. Ga shi mutum ya zo hutu gida Damagaram aiki ya biyo shi har ɗaka.

Masu tambaya wai mi ya lalace haka, a taƙaice cibiyarmu ɗaya ce cikin wajen 170 a ƙasashe sama da 40 da suke haɗa ƙarfin injinansu suna tace bayanan da ke fitowa daga CERN, babbar cibiyar binciken kimiyya can kusa da Janeba. Cibiyarmu tana da sarba da ake ce ma BDII, ita ce sanƙirarmu, ita ke shelar injina nawa suke zaune ba aiki, wurin ajiya nawa ya rage. In ta yi shiru ko injinan lafiyarsu lau ba mai turo mana aiki, sai a ɗauka mun mutu. To nauyi ne ya yi mata yawa, a tambaye ta har lokaci ya ƙure ba ta amsa ba. Yanzu mun ɗauke rumbun bayananta daga diski mun maida cikin RAM, ma'ajiyar ordinater da ta fi diski sauri, mun ƙara mata ƴan'uwa suna amsa suna ɗaya ta yadda in guda ta faɗi saura su ɗauka, kuma tana riƙe bayanin baya na ɗan lokaci maimakon ta share bayanin inji don ya yi jinkirin amsa sau guda.

Amma daren nan wallahi ba zan manta ba. Ina tsakiyar sauya sarba, tsohuwar na tsaida ta sabuwar ba ta tashi ba, sai kuran ya ɗauke, batirin ordinater ya yi ja, hannuna har rawa yake ina ta innalillahi. Kawuna tela na Birni, na san ba ka son a faɗa amma sai na faɗa, ƙarfe biyun dare ka ɗauro gurup ɗin shagonka bayan kabu-kabu da esans ɗinka a bido, ka zauna bakin zaure kana gadinsa har kiran assalatu. Allah ya biya ka da gidan aljanna, ya buɗa maka kasuwa, ya raya maka zuri'a, ya sa ka je Makka ka dawo lafiya.

Inna kuwa ta ji ina ta cewa "ta faɗi, ta tashi" sai ta ɗauka wata ce kwance asibiti, ta kawo min fura ta koma kan darduma tana roƙa ma marar lafiya sauƙi. Ban gyara mata ba, kuma ga shi ta samu sauƙin. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana Inna. Ƙanena mai yawo da waya saman soro neman rezo, Allah ya ba ka sa'ar jarabawa. Abokan aikin da suka kwana ido biyu tare da ni daga can, na gode ƙwarai.

Akwai waɗanda gidansu taku kaɗan ne da namu, sola cike da rufi, ko leƙowa babu, sai yau ake aiko min da "ashe haka aka yi". Ba komi, Allah ya bar zumunci.

Wanda ya kira ban ɗauka ba ya yi haƙuri, gobe bayan la'asar ina gida. Kawu kuɗin esans ɗin nan fa sai ka karɓa, kar ka sa in kai ƙara wurin Inna.