Daga Bangala zuwa Balad: yadda nake zagayawa da baƙi a Jidda

Ina ɗaukar baƙi, galibi masu Umara daga Kano da Sakkwato da Damagaram, in zaga da su Jidda yini guda, in ciyar da su kifin Bahar Maliya, sannan in mayar da su masauki. Bas biyu gare mu, ni da ɗan yayata. Ranar da muke da baƙi, ina idar da sallar asuba sai Bangala, babbar kasuwar kifi ta bakin teku, domin tun baƙo bai farka ba ake sanin irin abincin da zai ci.

A kasuwar nan na tashi. Kawuna ya yi shekaru yana gyaran kifi a cikinta, ina yaro nake riƙe masa bokiti. Bai taɓa zaunar da ni ya yi mini darasi ba. Sai dai ya miƙo mini kifi ya ce, "Yaro, na yaushe ne?" In na ce na yau, ya kama yatsana ya danna a gadon bayan kifin. In naman ya dawo ya cike, na canka daidai. In gurbin yatsa ya zauna, to ya kwana. Daga nan ya buɗe kunnen kifin, a ga ja ne jawur ko ya soma komawa ruwan ƙasa, a dubi ido ko garau yake. Har yau haka nake yi, ko da dillalin ya rantse mini.

Najil shi ne sarki, ja mai ɗigo-ɗigon shuɗi, namansa fari tas, kuma kuɗinsa ba wasa. Hamur na fi so a gasa. Harid mai launi kamar aku yana da taushi, tsofaffi sun fi jin daɗinsa. Ana soya mana a gabana, a haɗa da shinkafar sayadiyya, wadda ake soya albasarta sai ta yi duhu kafin a zuba shinkafa, da romon tsamiya da mutanen Hijaz ke kira humar. Wata Hajiya ta ɗanɗana ta ce, "Ɗana, ai wannan tsamiyarmu ce!" Na ce, "Ita ce, Hajiya, sunan ne kawai ya canza."

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu kwaikwayo. Mutum ya samu mota jiya, yau ya ce shi ma ɗan rakiya ne. Ya kwashi bayin Allah ya sauke su a shagunan da ake ba shi la'ada, ya kai su inda ake narkar da kifin ƙanƙara a turmusa shi a gari, ya ce musu najil ne. Su koma gida suna cewa kifin Jidda ba shi da daɗi.

Balad, tsohuwar unguwar Jidda, sai bayan la'asar, saboda zafi da gumin garin nan ba sa ragawa kowa. Muna shiga ta wajen Bab Makka mu ratsa kasuwar Alawi a ƙafa. Ina nuna musu bangon gidajen da aka gina da dutsen murjani na teku, da tagogin katako masu ɓule-ɓule da ake kira rawashin, waɗanda iska ke shiga ta cikinsu, na ciki ya ga titi, na titi bai ga na ciki ba. A gaban wani tsohon gida da ake kira Baitu Nasif nake daɗewa. An kammala shi a 1881, Sarki Abdul'aziz ya sauka a ciki a 1925, kuma bishiyar da ke ƙofarsa darbejiya ce, irin ta ƙofar gidanmu. Ina gaya musu Halifa Usman ɗan Affan ne ya mayar da Jidda tashar jiragen ruwan Makka, kuma a 2014 UNESCO ta sa unguwar cikin kayan tarihin duniya. Kakanninmu da suka taho ta Sudan suka ƙetaro daga Sawakin, a gaɓar nan da yawansu suka sauka. In na faɗi haka, akan samu wanda zai yi shiru ya ce kakansa ma ta nan ya bi.

Duk da haka ba a rasa mai ciniki. "Haba Malam, wani ya ce zai kai mu a rabin wannan." Sai in ce, "Allah ya ba shi kasuwa, Alhaji, amma ka tambaye shi ƙarfe nawa ya je Bangala." Ragi ina yi wa tsofaffi da masu iyali da yawa. A kan kifi ne ba na ragi, don in na rage kuɗi dole in rage kyau.

Magariba a masallacin Rahma muke yinta, wanda aka kafa kan ginshiƙai a cikin ruwa. Daga nan mu gangaro gefen teku mu tsaya kallon feshin ruwan Sarki Fahad, da ke cilla ruwan teku sama da mita 300 tun 1985. Mai sauran wuri a ciki in kai shi wurin 'yan'uwanmu masu tsire, wanda Larabawan nan ke kira siriye, da ƙuli-ƙulinsa da yajinsa kamar na gida.

Mai son zuwa ya sanar da ni tun ana gobe, ya faɗa mini adadin mutane da wanda ba ya cin yaji, don in san yawan kifin da zan ɗauko.