Godiya ga duk wanda ya zo mana ta'aziyyar Baba Tsoho

Assalamu alaikum. A madadin iyayenmu da mu jikoki, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana a rasuwar kakanmu, Baba Tsoho, wanda Allah ya yi wa cikawa makon jiya bayan jinyar kwana 19. Waɗanda suka halarci jana'iza, da waɗanda suka yi tattaki daga nesa, da masu kira da masu turo saƙo, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Wanda ya kira bai same ni ba ya yi haƙuri, wayar ce ta fi ƙarfina a kwanakin nan.

Godiya ta musamman ga likitoci da ma'aikatan jinya, don sun sha fama. Baba ba ya haɗiye ƙwaya sai an yi ciniki. Akwai wata nas da kullum yake tambayarta, "'Yata, ke kin taɓa ɗanɗana abin nan kuwa?" Ba ta taɓa ɗaure masa fuska ba, kuma ta zo gaisuwa har gida.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda kuka riƙa shigowa da hawaye kuna fita da dariya. Kowa da nasa labarin Baba, kuma kusan duka a kan dambe ɗaya suke ƙarewa, wanda Muhammad Ali ya yi da George Foreman a Kinshasa ranar 30 ga Oktoba 1974. Ali ya jingina da igiya, ya bar Foreman ya yi ta kai duka har ƙarfinsa ya ƙare, sannan a zagaye na 8 ya kai shi ƙasa. Wannan kam babu gardama. Gardamar tana wurin inda Baba yake a lokacin. Mu jikoki ya ce mana a rediyo ya bi shi. Wani tsohon abokin aikinsa ya rantse Baba ya faɗa masa yana cikin filin, har gumin Ali ya fantsamo masa a riga. Wani maƙwabci kuwa cewa ya yi ai dabarar jingina da igiyar ma daga wurin Baba ta fito. Ana cikin haka sai Kaka, wadda tun safe ba ta ce uffan ba, ta ɗago kai ta ce, "Barci yake yi. Da asuba aka yi damben, ni na tashe shi na faɗa masa wanda ya ci." Har masu kuka sai da suka dara.

Shekarunsa ma ba mu daidaita ba. Shekara bakwai ya yi yana cewa 80, ya ƙi motsawa daga nan.

Ni nawa rabon na samu ne ranar da aka yi masa aikin yanar ido a 2016. Aikin bai kai awa ɗaya ba, an cire abin da ya dushe a cikin idon an sa na roba. Washegari da aka buɗe bandejin, ni ne a tsaye a gabansa ina murmushi, ina jiran addu'a. Ya ƙare min kallo daga sama har ƙasa, ya juya wurin likita ya ce, "Ashe haka yaron nan yake? Likita, ba a iya mayar da yanar?" Daga nan kuma ya riƙe hannuna, bai sake ba har muka iso gida.

Wanda Baba ya taɓa ɓata wa rai da bakinsa, don Allah ya yafe masa. Wanda yake binsa bashi ya neme mu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Ga 'yar'uwarmu nas kuma, akwai saƙo. Jiya mun ɗauko tsohuwar rediyonsa, wadda ya ɗaure da roba, muka zuge aljihun jakarta. Ƙwayoyin hawan jini 37 muka ƙirga a ciki.