Takardar Kawu da Ban Karanta Har Ƙasa Ba

Ranar Juma'a muka tashi daga tashar Unguwa Uku, kuma kuskure ne, don duk wanda ya san hanyar Wudil ya san ranar kasuwarta ke nan. Ni da abokina, likitan ƙirji ne a Kano, aka cusa mu a gaban wata tsohuwar Golf, mu biyu a kujerar mutum ɗaya. Hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari har ba a ganin abin da ke gaba sosai. A cinyarsa akwai wata 'yar jaka da ya ƙi yarda a saka a but. A aljihuna kuwa akwai takardar da ta jawo wannan tafiya.

Takardar ta Kawu ce, ƙanin mahaifiyata. Shekara 35 ya yi yana jan babbar mota tsakanin Kano da Legas, kuma a duk tsawon shekarun nan kwalin sigari bai taɓa kwana a aljihunsa ba. Ya daina sha shekara shida da suka wuce, amma tari bai daina ba. Sau biyu ana gwada kakinsa ana neman tarin fuka, ba a samu ba. Da wani abokin tuƙinsa ya rasu da ciwon dajin huhu, sai babban ɗan Kawu ya tsorata, ya turo kuɗi a yi masa hoton ƙirji na CT a Kano. Ni na kai shi. Da sakamako ya fito na karanta layin farko, babu ƙari, babu alamar daji, na buga waya gida. Aka yi ta hamdala, Inna matarsa har sadakar ƙosai ta yi. Na ninke takardar na jefa a durowa.

Wata huɗu bayan haka abokina ya zo gidana, ina binciken wani rasit takardar ta faɗo. Ya ɗauka ya karanta har ƙasa, ya ɗago kai ya ce, "Wa yake duba mutumin nan?" Na ce ai lafiyarsa ƙalau, an ce babu daji. Ya nuna mini layi biyu na ƙarshe, inda aka rubuta emfisima, wato lalacewar 'yan jakunkunan iska, a saman huhu biyun, aka kuma ba da shawarar a yi gwajin numfashi.

Kafin mu kai gadar Wudil muka tsaya cak. Motocin shanu, masu kura, 'yan talla, kowa na neman hanya, hayaƙin salansa na shigowa ta tagar da ba ta rufuwa. A nan ne na samu karatun da ban nema ba. Abokina ya ce wannan abin da ya faru da Kawu ba a kansa farau ba. A Amurka an yi wani babban bincike a kan mashaya taba fiye da 53,000, masu shekara 55 zuwa 74, aka fitar da sakamakonsa a 2011. Aka ga cewa waɗanda ake yi wa hoton CT mai ƙarancin haske mutuwarsu da dajin huhu ta ragu da kashi 20 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda ake yi wa hoton ƙirji na gama-gari. Wani binciken da aka yi a Holan da Beljiyam, wanda ya fito a 2020, ya ƙara tabbatar da amfanin hoton. Tun 2021 shawarar da ake bi a Amurka ita ce, mai shekara 50 zuwa 80 da ya sha abin da ya kai kwali ɗaya kullum na shekara 20, yana sha har yanzu ko bai wuce shekara 15 da dainawa ba, a riƙa yi masa hoton duk shekara.

"To ka ga," in ji shi, "idan ka tara mashaya taba kana leƙa huhunsu, kaɗan ne za ka samu da daji. Waɗanda za ka samu da huhun da ya riga ya lalace sun fi su yawa nesa ba kusa ba, kuma da dama ba su taɓa jin sunan cutarsu ba." Ya ce shi ya sa a Manchesta ta Ingila, da suka fara kai motar ɗaukar hoto wuraren cefane a unguwannin talakawa a 2016, suka haɗa da gwajin busa mai auna numfashi. Taba ɗaya ce ke haifar da cututtukan biyu, kuma mai toshewar numfashi ya fi wanda ba shi da ita haɗarin kamuwa da dajin.

Direbanmu, wanda na zaci hankalinsa na kan hanya, ya ce, "Likita, kwali ɗaya kara nawa kuke lissafawa?" Aka ce masa 20. Ya yi shiru, ya ɗan taɓa aljihun rigarsa.

Mun fi awa guda kafin mu haye gadar. Ruwa ya ja baya, masu ɗibar yashi sun cika bakin kogi, can nesa wani masunci shi kaɗai a kwalekwale. Daga nan hanya ta buɗe. Gonaki duk an girbe, sai kututturen kara da tarin harawa a kan bishiyoyi. A Gaya muka sauka, muka hau acaɓa biyu, muka bi turbar rairayi kusan rabin awa. Na ci ƙura har na ƙoshi.

Mun tarar da Kawu a ƙofar gida a kan tabarma, mutane na dawowa daga masallacin Juma'a suna tsayawa su gaishe shi. Shi bai je ba. Wannan ne ya fara taɓa min zuciya, don na san mutumin da a da yake ɗaga tayar babbar mota shi kaɗai. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Ɗan nan, kai ne a tafe da ranar nan? Ina uwar taka?" Tsakanin tambaya ɗaya da ta biyu sai da ya ja numfashi. Na lura idan zai fitar da iska yana tsuke leɓe kamar mai hura wuta. Daga baya abokina ya ce mini ba koya masa aka yi ba, jiki ne ke gano dabarar da kansa.

Bayan fura da la'asar aka buɗe jakar. Abin da ke ciki bai kai rediyon hannu girma ba, sifiromita ake ce masa, da wasu bakin busa na kwali da ake jefarwa bayan an yi amfani da su. Kawu ya juya shi ya ce, "Likita, wancan na birni da na shiga cikinsa kamar gawa bai ga komai ba, wannan ɗan abin ne zai gani?" Abokina ya ce, "Baba, wancan ya gani, mu ne ba mu karanta ba." Ni dai na sunkuyar da kai.

Gwajin ba shi da wuyar bayani, amma yana da wuyar yi. Mutum zai cika ƙirjinsa da iska iya iyawarsa, ya kama bakin busa da leɓe, ya fesar da iskar da ƙarfi lokaci ɗaya, ya ci gaba da turawa har sai babu saura. Na'urar na auna iskar da ta fita a daƙiƙar farko, ta kwatanta da duk iskar da ta fita. Huhu mai lafiya yana zubar da mafi yawanta a daƙiƙar farkon nan. Kawu ya busa na farko, tari ya sarƙe shi, yara suka fashe da dariya, Inna ta kore su daga zaure. Sai da ya yi sau biyar aka samu uku masu kyau. Sannan aka ba shi maganin shaƙa mai buɗe hanyar iska, salbutamol, muka jira minti 15, ya sake. Ƙa'idar ita ce idan bayan maganin lissafin bai kai 70 cikin ɗari ba, to akwai toshewar da ba ta sakin jiki. Na Kawu ko 60 bai kai ba.

Abokina ya gaya masa a fili, ba kwana-kwana. Cutar toshewar hanyoyin numfashi ce, wadda likitoci ke kira COPD. Ba tarin fuka ba ce, ba a ɗaukarta, kada kowa ya ware masa kwano. Hayaƙi ya ƙona ƙananan hanyoyin iska, ya yayyaga 'yan jakunkunan huhu, iska na shiga amma fitarta na wuya, shi ya sa hakin. Abin da ya lalace ba ya dawowa. Amma akwai abin shaƙa na kullum da ke rage hakin, akwai rigakafin mura da na ciwon nimoniya, kuma zaman tabarmar nan ba taimakonsa yake yi ba, ya riƙa takawa kullum ko da kaɗan ne yana ƙarawa. Ya ce masa babban magani ya riga ya sha shi shekara shida da suka wuce, ranar da ya ajiye sigari. Kawu ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ashe tana da suna. Ni na ɗauka tsufa ne."

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 cutar nan ta kashe mutum fiye da miliyan 3, a shekarar ita ce ta uku a jerin abubuwan da suka fi kisa a duniya. Ni da nake ganin na yi boko, sai a kan hanyar Wudil na fara jin sunanta. Kowa a garinmu ya san tarin fuka, ya san asma, ya san daji. Tarin da bai faɗa cikin ukun nan ba, sai a ce sanyi ne, a dafa citta da kanumfari.

Da magariba ta kusa na shiga cikin gida. Inna na madafi, ɗan ɗakin da ba shi da taga sai ƙofa, bangonsa ya yi baƙi ƙirin, tana tuƙa tuwo a kan kara da ɗanyen icce, idonta na hawaye tana tari. Ba ta taɓa riƙe sigari ba a rayuwarta. Abokina ya leƙo, ya tsaya kallon rufin, ya tambaye ta shekara nawa tana girki a nan. Ta ce tun da aka kawo ta gidan. Da ƙyar ta yarda ta busa, wai ita ba ta wasan yara. Nata bai kai na Kawu muni ba, amma shi ma ya sauka ƙasa da layin. Hayaƙin icce da kara a rufaffen ɗaki yana yin aikin da taba ke yi, sai dai babu ɗan da zai tsorata ya turo kuɗin hoto saboda mahaifiyarsa na girki. Ya roƙe ta a fitar da murhu tsakar gida. Ta ce iskar hunturu za ta cinye mata icce. Aka tsaya a kan Kawu zai sa a fasa taga.

Kafin isha labari ya zaga gari cewa an zo da abin da ke gane tari. Dattawa suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya, tsohon mai gyaran taya, wani mai gasa tsire, ladanin unguwa da ke cewa kiran salla ya fara yanke masa a tsakiya. Bakin busa shida abokina ya zo da su, biyu sun tafi a gidan Kawu, huɗun suka ƙare nan da nan. Sauran ya rubuta musu takarda, ya ce duk mai tarin da ya wuce mako biyu ya fara zuwa a gwada kakinsa.

Washegari da sassafe muka kamo hanya. Wudil fayau, kamar ba ita ce ta jiya ba, sai kashin shanu da ledoji. An sa wa Kawu da Inna ranar zuwa asibiti a Kano, a maimaita gwajin a babbar na'ura a tsara musu magani, shi kuma a duba lokacin sake hotonsa, don hoto ɗaya mai kyau ba ya wadatarwa ga mai tarihin taba irin nasa. Da muke sallama na ce zan turo mota ta ɗauke su. Ya riƙe hannuna, ya ja numfashi, ya ce, "Ɗan nan, ka dai duba direban. Kada ka turo min wanda bai iya canjin giya ba."